Ƙwaƙwalwa da Aikinta: Bayani Domin Hakimai da Malamansu

Yawancin aikin Hakimi da mutane ya ke yi, ba da takarda ba. Wannan ya zo ya ce ya ga shanun wane cikin gonarsa da asuba, wancan ya rantse ba su shiga ba, dagaci ya kawo labarin abin da mai unguwa ya gaya masa shekaranjiya, malami kuma yana gefe yana rubutawa. To, duk maganar nan da a ke aunawa ta ido da kunne ta shiga, ta kwana cikin kan mutum, sa'an nan ta fito ta bakinsa. Saboda haka wanda aikinsa auna maganar mutane ne, ya kamata ya san hanyar da ta biyo, ya kuma san wuraren da ta kan gurɓace ba tare da mai ita ya yi nufin ƙarya ba.

Ilmin da ya ke binciken wannan shi a ke kira ilmin halayyar ɗan Adam. Tun zamanin da masu hikima suna maganar hankali da tunani, amma ba a keɓe wuri na musamman domin gwada su da agogo da ma'auni ba sai a 1879, sa'ad da wani malami Bajamushe, Wilhelm Wundt, ya buɗe ɗakin gwaji a birnin Leipzig domin wannan aiki kaɗai.

Ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta cika kilo ɗaya da rabi ba, taushinta kuwa kamar na awara. Wajen nauyi kashi 2 ce kawai cikin 100 na jiki, amma ita kaɗai tana cin kimanin kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ya ke ƙonawa in mutum yana hutawa. An gina ta da wasu 'yan ƙwayoyi masu rassa da ido ba ya gani, watau ƙwayoyin jijiya. A 2009 wata masaniya 'yar Birazil, Suzana Herculano-Houzel, da abokan aikinta suka ƙiyasta yawansu, suka sami kimanin miliyan dubu 86. Ke nan cikin kan mutum guda sun ninka mutanen duniya duka fiye da sau goma. Kowace ƙwaya tana aika wa maƙwabtanta saƙo da wata 'yar wutar lantarki, saƙon kuwa a wasu jijiyoyi ya kan yi gudun mita 100 da ɗoriya cikin daƙiƙa guda. Wani saƙon ma ba ya jiran ya isa kai. Wanda ya taka garwashi, laka ce da ke cikin ƙashin baya ta ke ba da umarnin ɗage ƙafa, sai daga baya ƙwaƙwalwa ta sami labarin zafin.

An raba aiki cikin ƙwaƙwalwa kamar yadda a ke raba ƙasa gunduma-gunduma. Gani yana can wajen ƙeya, ji yana dab da kunnuwa, shiri da kame kai suna wajen goshi. Sai dai misalin bai kai ko'ina ba, domin masana ba su sami wani wuri guda da za a ce nan ne fada ba. Gundumomin ne su ke ta aike a tsakaninsu dare da rana.

Yadda aka gane wannan rabo, ta wajen marasa lafiya ne. A 1861 wani likita a birnin Faris, Paul Broca, ya duba wani mutum wanda ya shekara ashirin da ɗaya a asibiti, yana fahimtar abin da a ke gaya masa, amma ba ya iya faɗin kome sai “tan”. Da mutumin ya rasu aka buɗe kansa, sai ga rauni a wuri guda, gefen hagu ta wajen gaba. Daga nan aka san cewa ga yawancin mutane magana a gefen hagu ta ke. An kuma san gefen hagu na ƙwaƙwalwa shi ke riƙe da damar jiki, na dama kuwa da hagu. Abin da ya sa ke nan wanda ɓarin jikinsa na dama ya shanye sau da yawa magana ta kan ƙwace masa. Wannan ciwo jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe cikin kai. In aka ga bakin mutum ya karkace farat ɗaya, hannu ya saki, harshe ya yi nauyi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, domin akwai maganin da ba ya amfani sai an ba da shi cikin awa huɗu da rabi na farko.

Labarin goshi ya fi wannan ban mamaki. A 1848, a jihar Vermont ta Amurka, wani shugaban leburorin hanyar jirgin ƙasa mai suna Phineas Gage yana danna albarushi cikin dutse da sandar ƙarfe, sai wuta ta tashi. Sandar, wadda tsawonta ya wuce mita guda, ta shiga ta ƙarƙashin kuncinsa na hagu ta fita ta tsakar kansa. Bai mutu ba, ya rayu har 1860. Amma likitan da ya yi jinyarsa ya rubuta cewa mutumin da aka sani da natsuwa da iya riƙon ma'aikata ya koma mai zagi, marar haƙuri, ya shirya abu yanzu ya watsar an jima. Wannan sashe na goshi shi ne na ƙarshen nuna ga ɗan Adam, ba ya gama ƙosawa sai wajen shekara 25. Hakimin da aka kawo masa saurayi ɗan shekara 17 da ya yi wauta, ya tuna da wannan. Ba ya wanke laifi, amma yana nuna cewa yaron bai gama zama abin da zai zama ba.

Farfaɗiya ma daga nan ta ke. Wutar lantarkin nan ce ta ke rikicewa ta tashi gaba ɗaya na ɗan lokaci. Ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓa jiki, ko da ya ke an hana yara da yawa makaranta, an kuma kashe aure da yawa saboda wannan zato. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har bakwai cikin goma na masu ita za su iya rabuwa da faɗuwa in suna shan magani daidai. In ta tashi, a janye mutum daga wuta da bakin rijiya, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, kada kuma a ɗura masa kome. In ta wuce minti biyar ba ta sake shi ba, sai asibiti.

Barci

Da can ana zaton ƙwaƙwalwa tana rufe ƙofa ne in an yi barci. A 1929 wani likita Bajamushe, Hans Berger, ya bayyana wata na'ura da a ke manna wa fatar kai tana zana motsin lantarkin ƙwaƙwalwa bisa takarda, da ita kuwa aka ga aiki ba ya tsayawa. A 1953, a Jami'ar Shikago, Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman suka lura cewa lokaci-lokaci idanun mai barci su kan yi ta kai da kawowa da sauri a ƙarƙashin fatarsu, in kuwa aka tashe shi a wannan lokaci, yawanci sai ya ce mafarki ya ke yi. Ashe barci zagaye ne. Mutum ya fara da marar nauyi, ya nutsa cikin mai nauyi, ya taso zuwa na mafarki, sa'an nan ya sake komawa. Kowane zagaye kimanin minti 90 ne, a kan yi huɗu zuwa shida a dare. Barci mai nauyi ya fi yawa a farkon dare, na mafarki kuwa wajen asuba.

Lokacin barcin mafarki ƙwaƙwalwa ta kan ɗaure gaɓoɓi, don kada mutum ya tashi ya aikata abin da ya ke gani. Wani lokaci sai hankali ya farka alhali ɗaurin bai saki ba, mutum ya ji an danne shi, ya so ya yi ihu ya kasa, har ya ga kamar wani abu na tsaye a bakin ƙofa. Wannan shi ne dannau. Ba ya wuce 'yan mintoci, ba ya kisa, ya kuma fi samun wanda ya kwana biyu bai yi isasshen barci ba, ko mai kwanciya rigingine. Ya kamata a san haka, domin ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba an ɗora wa wata tsohuwa maita a kan abin da bai wuce wannan ba.

Babban mutum yana bukatar awa 7 zuwa 9, yara fiye da haka. Wanda ya rage, bashi ya ci, barci kuwa ba ya yafe bashinsa. A 2000 aka bayyana wani gwaji da aka yi a Ostareliya, aka ga mutanen da suka yi awa 17 zuwa 19 ido biyu, saurin hankalinsu ya ragu kamar na wanda ya sha giya har ya kai iyakar da ƙasashe da yawa su ke hana tuƙi. Abin da ya fi muni, mai gyangyaɗi ya kan yi barci na daƙiƙa uku ko huɗu ido buɗe bai sani ba. Mota mai gudun kilomita 100 a awa ta kan ci fiye da mita 100 cikin daƙiƙa huɗu. Direban da ya kwana a hanya aka ce ya juya da safe da mutane, goro ba zai cece shi ba. Abin da ke cikin goro da gahawa da shayi ɓoye gajiya ya ke yi, ba ya biyan bashin, kuma rabinsa yana nan cikin jini bayan kimanin awa biyar. Ƙailula ta minti ashirin ta fi masa goro uku.

Kada a haɗa wannan da ciwon barci wanda ƙudan tsando ke kawowa. Shi ƙwayar cuta ce ta ke shiga ƙwaƙwalwa ta birkita lokutan barci, saboda shi ne aka tashi mutanen Anchau aka gina Takalafiya, cikin aikin da aka fara a ƙarshen shekarun 1930.

Gani, Ji, da Maganar Shaidu

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Gaskiya ne, amma shi ganin ma yana da nasa ramuka. Masanin nan Ibn al-Haisam, haifaffen Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, shi ya kafa hujja cewa haske ne ya ke tasowa daga abu ya shiga ido, ya kuma nuna cewa hankali ne ya ke ƙarasa aikin da ido ya fara. Mai karatu yana iya gwada wannan da kansa. Ya ɗiga ɗigo biyu a takarda, tsakaninsu kamar faɗin tafin hannu, ya rufe idon hagu, ya kafa na dama a kan ɗigon hagu, ya riƙa matso da takardar sannu a hankali. Akwai inda ɗigon dama zai ɓace sarai. A bayan kowane ido akwai wurin da jijiya ta fita, wurin nan makaho ne. Duk da haka ba wanda ya ke yawo yana ganin rami a gabansa, domin ƙwaƙwalwa tana cike gurbin da abin da ta ke zaton yana wurin, ba ta kuwa gaya wa mai ita ta yi ciko.

Cikin duhu abin ya fi haka. Wanda ya fito daga ɗaki mai fitila, idonsa ba ya gama sabawa da duhu sai bayan minti 20 zuwa 30. Ƙwayoyin ido masu aikin dare kuma ba su rarrabe launi. Saboda haka in shaida ya ce ihu ya tashe shi, ya kunna fitila, ya fito, ya hangi ɓarawo can bakin danga da jar hula, to, a yi hattara da jar hular nan.

Ko da rana tsaka, mutum ba ya ganin abin da hankalinsa ba ya kai. A 1999, a Jami'ar Harvard, Daniel Simons da Christopher Chabris suka nuna wa mutane wani ɗan majigi na samari da 'yan mata suna jefa wa juna ƙwallo, aka ce su ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka jefa. Ana cikin haka wani ya ratsa ta tsakiyarsu sanye da rigar goggon biri. Kimanin rabin masu kallo ba su gan shi ba sam. Ke nan mutumin da ya ce yana kasuwa aka yi faɗa a gabansa amma bai ga wanda ya fara zare wuƙa ba, mai yiwuwa ne gaskiya ya faɗa, ba ɓoyewa ya ke yi ba.

Bayan gani sai ajiya, nan kuwa ne babbar ɓarna ta ke. Mutane suna ɗaukar tunawa kamar takardar da aka sa a akwati, ranar da aka buɗe a tarad da ita yadda aka bar ta. Ba haka ba ne. Duk sa'ad da mutum ya tuna wani abu, sake gina shi ya ke yi daga guntaye, yana cike giɓi da abin da ya ji daga baya da abin da ya ga ya dace. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer a Amurka suka nuna wa ɗalibai majigin haɗarin mota. Aka tambayi wasu irin gudun da motocin su ke yi sa'ad da suka ragargaji juna, wasu kuma sa'ad da suka taɓa juna. Na farko suka ce wajen mil 40 a awa, na biyu wajen mil 32, alhali majigi ɗaya suka kalla. Aka sake gwajin da wasu ɗalibai, bayan mako guda aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. Cikin 50 da aka yi wa tambaya da kalmar ragargaza, 16 suka ce sun gani. Cikin 50 da aka yi wa da kalma mai sauƙi, 7 ne kawai. Babu gilashin da ya fashe a majigin. Kalma guda ta mai tambaya ita ta dasa shi.

Abin bai tsaya ga ɗalibai ba. Daga 1989 zuwa 2020 an wanke mutum 375 a Amurka waɗanda aka riga aka yanke wa hukunci, bayan gwajin ƙwayar halitta ya nuna ba su ne suka yi laifin ba. Kusan bakwai cikin goma nasu, shaidar wanda ya ce ya gani da idonsa tana cikin abin da ya kai su kurkuku. Yawancin shaidun nan ba maƙaryata ba ne, sun gaskata abin da su ke faɗi. Ƙarfin rantsuwar mutum bayan an yi watanni ana ta maimaita labari ba ya nuna ƙarfin ganinsa.

Abin da wannan ya ke bukata ga Hakimi da malaminsa ba mai wuya ba ne. A ji shaida da wuri, tun labari bai zaga gari ba. A raba shaidu, kada wani ya ji na wani. A bar mutum ya faɗi nasa daga farko har ƙarshe kafin a sa masa baki, in kuwa za a tambaya a ce, “Me ka gani?” kada a ce, “Ba wane ka gani ba?” Malami ya rubuta da kalmomin mai magana, ko da ba su yi masa daɗin ji ba, domin gyaran da zai yi don rahoto ya yi kyau shi ma ciko ne. Tun 1932 Frederic Bartlett na Jami'ar Kambirij ya nuna abin da ke samun labari in ya bi baki-baki: ya kan gajarce, sunaye da adadi su zube, abin da ya zama baƙo ga mai ji ya rikiɗe ya koma abin da ya saba. Labarin da ya tashi daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa Hakimi, daga Hakimi zuwa fadar Sarki, ya bi baki uku ke nan. In takarda ta raka shi tun daga tushe, sai ya isa da ƙafafunsa.

Koyo

Hanya mafi sauƙi ta koyo, dabba ma tana da ita. Ivan Pavlov, masanin Rasha wanda aka ba lambar Nobel a 1904 saboda binciken narkewar abinci, ya lura karnukansa suna zub da yawu tun ba su ga nama ba, da jin takun mai kawo shi. Ya riƙa yin wata ƙara kafin ya ba su abinci, ba a daɗe ba ƙarar kaɗai ta isa ta kawo yawu. Duk mai doki ya san wannan, da ya ke dokinsa ya kan fara haniniya da jin motsin mai kawo dusa. Haka yaron da aka taɓa yi wa allura ya kan fashe da kuka da ganin farar riga. Pavlov ya kuma ga cewa in aka yi ta ƙarar babu nama, yawun ya kan janye a hankali.

A 1898 Edward Thorndike a Amurka ya rufe kyanwoyi cikin akwatuna masu sakata, abinci yana waje, ya ga duk motsin da ya buɗe ƙofa shi kyanwa ta ke riƙewa, sauran ta watsar. Abin da aka saka wa da alheri nan da nan, shi ya ke zama hali. Bulala kuwa tana tsai da abu ne muddin mai bulala yana tsaye, ba ta kuma nuna wa yaro abin da ya kamata ya yi a maimakonsa.

Game da hadda da mantuwa, Hermann Ebbinghaus na Jamus ya yi gwaji a kan kansa shekara da shekaru, yana haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, ya bayyana sakamakon a 1885. Bayan awa ɗaya fiye da rabin wahalar da ya sha ta tafi a banza, bayan kwana ɗaya kashi biyu cikin uku, bayan wata guda abin da ya rage kashi ɗaya ne cikin biyar. Watau mantuwa da gudu ta ke farawa, sa'an nan ta koma tafiyar hawainiya. Ya kuma ga maimaici 38 da aka raba cikin kwana uku ya yi daidai da 68 da aka yi a zama guda. Malaman allo ba su jira Bajamushe ba. Sun daɗe da sanin a ba yaro kaɗan, ya biya da safe ya biya da dare, kada ya wanke allo sai ya kawo shi da ka, kuma a riƙa komawa baya ana tilawa. Kawowa da ka ɗin nan ita ce gishirin abin, domin gwaje-gwajen baya sun nuna rufe littafi a ƙoƙarta tunowa ya fi sake karantawa kama abu. Barci ma yana da hannu a ciki. A 1924, a Jami'ar Cornell, aka sa ɗalibai biyu su haddace gaɓoɓi goma-goma. In suka yi barcin awa takwas su kan tuna biyar ko shida, in kuwa suka wuni ido biyu sai ɗaya tak.

Sauran magana ita ce ta manya. Lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta kafa azuzuwan Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, abin da ya hana dattawa da yawa zuwa shi ne cewa icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Karin maganar ta dace da wasu abubuwa, kamar kama lafazin baƙon harshe, amma ba ta dace da karatu ba. A 2000 aka auna kawunan direbobin tasi na birnin Landan, waɗanda sai sun haddace dubban tituna kafin a ba su lasin, aka ga sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe taswirar wurare ya fi na sauran mutane girma ta bayansa, girman kuwa yana bin yawan shekarun aiki. A 2010 Stanislas Dehaene da abokansa suka duba mutanen Birazil da Fotugal da suka koyi karatu bayan sun girma, suka tarar wurin da ke gane haruffa ya farka a kansu, a daidai inda ya ke ga waɗanda suka koya tun suna yara. Babba ya fi yaro jinkiri, ya kuma fi shi jin kunyar kuskure a gaban jama'a, saboda haka ba a haɗa shi aji ɗaya da 'ya'yan cikinsa, ba a kuma tsawata masa. Akwai kuma wani abu da malamai su kan manta. Daga shekara 40 zuwa sama idon kowa ya kan fara kasa ganin ƙananan baƙaƙe a kusa. Dattijon da a ke gani yana miƙa takarda nesa da fuskarsa yana ƙanƙance ido, a fara gwada masa tabarau kafin a ce ba ya ganewa.